Nomau da Fitilu Huɗu na Motar Baba

A Unguwar Marke, can bayan inda kwalta ta gaji ta tsaya, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa, gidan marigayi Jatau direba. Mutum uku suka rage a cikinsa: Inna Tasalla, da babban ɗanta Nomau, da ƙaninsa Mudi. Ta huɗunsu ita ce motar da ke tsaye a gindin marken ƙofar gida, tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, wadda fentinta ya koɗe har ya koma kalar sama da hantsi.

Nomau ya ba shekara talatin baya, ga gemu ga ƙirji, buhu biyu yake saɓawa bai yi nishi ba. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka, haka take shiga kunnensa, ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Ranar da mahaifinsa ya fara fita da shi ya ce masa, "Daga yau kai ne karen motar nan," sai da fasinjoji suka kawo ƙara, don duk wanda ya matso sai Nomau ya yi masa haushi. Mahaifin bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Dariya yake yi har hularsa ta faɗi, sannan ya sake faɗa masa maganar a miƙe.

Da farkon damina Jatau ya kwanta, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Kafin ya kwanta ya sayo fitilu huɗu masu zagaye, kowace kamar murfin kwanon tuwo, zai ƙara su a kan ƙarfen gaba, wato ƙaton bututun nan da ake yi wa mota walda a goshi don tare kututture da jakunan da ba sa jin hon. Har ya sa an huda ƙarfen wuri huɗu. Fitilun suna cikin kwali a ƙarƙashin gadon Inna, hujin huɗu kuma suna nan a buɗe. Kullum da safe Nomau yakan goge motar, in ya zo kansu ya sa yatsa a kowane ɗaya ya ɗan tsaya. Cikin motar kuwa har yanzu ƙamshin Baba yake yi, na goro da turaren ɗan-goma.

Wata rana Baffa Ilu, ƙanin marigayi, ya zo ya zagaya motar sau biyu, ya shuri taya, ya ce, "Wannan ai makauniya ce. Idanunta biyu kamar aci-balbal. Ɗan'uwana hanyar dajin nan a kansa take, shi ya sa yake binta da duhun asuba. Mudi kuwa jiya-jiya ya fara riƙe sitiyari. Ni ba zan sake binne wani a gidan nan bana ba. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su sassare ta su kwashe."

Mudi ya durƙusa ya ce, "Baffa, akwai fitilun da Baba ya saya. A yi mana haƙuri mu ɗaura."

Baffa ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce, "Laraba ta sama za a kai ɗanyar masara kasuwar Ɗan Tsauni. Da kaina zan shiga. In ta kai mu kafin rana ta fito, ta zauna. In rana ta riga mu, guduma."

Ana cikin haka sai ga Nomau ya fito daga gida da sanda, ya riƙe kai ɗaya, ya cusa ɗaya kan a cikin ƙarfen gaba.

"Kai kuma mene ne haka?"

"Baffa, in makauniya ce ni zan yi mata jagora. Ba sai an sare ta ba."

Mutanen da ke zaune a gindin marke suka yi ta dariya. Nomau bai yi ba. Maganar guduma a miƙe aka faɗe ta, kuma a miƙe ta shige shi.

Wata rana Mudi ya ɗauko Sahabi mai gyaran wutar mota daga garin gaba, tsohon abokin marigayi, ɗan siririn mutum da ba a rabuwa da shi da tsinken sakace. Sahabi ya buɗe kwalin, ya kwance bayan fitilun, ya zare ƙwayayen ciki ya duba su a rana. Ya miƙa wa Nomau a cikin tsumma ya ce, "Riƙe nan. Ƙwai ne, ka kai su inda ake ajiye ƙwai, kada su fashe. Jibi zan dawo." Da jibi ta yi aka nemi ƙwai sama da ƙasa, Inna ta zazzage kwalla, Mudi ya duba har cikin rumbu. Sai Nomau ya dawo daga gona ya ja su zuwa akurki. Ga wake-waken kazar Inna ta baje fukafukai, ta kumbura kamar hakimi a kan kilishi. Sahabi ya zura hannu, ta sakar masa sara a bayan hannu, ya yi tsalle har tsinken ya faɗi daga bakinsa.

"Nomau! Ƙwan fitila ka sa wa kaza?"

"Ka ce inda ake ajiye ƙwai, Oga Sahabi. Kuma duba, ko ɗaya bai fashe ba."

Haka ne kuwa, ko ɗaya bai fashe ba, sai ma ɗumi da suka yi. Nomau ya bi su da kallon tausayi ya ce, "Da kun ƙara mata sati uku, da mun samu 'yan ƙanana na sa wa keke."

Wata rana Sahabi ya jera fitilun huɗu a kan ƙarfen gaba, kowace ƙafarta a cikin hujinta. Bai kai ga sa noti ba aka kira shi, injin niƙan wani ya tsaya. Yana hawa babur ya ce, "Nomau, ɗaure min su tam, yadda ko rami aka faɗa ba za su motsa ba." Nomau ya duba gida bai ga igiyar da ta kai ta awakin Inna ƙarfi ba. Ya kwance awaki uku daga turke, ya haɗa da igiyar guga, ya yi wa fitilun ɗaurin kayan amarya, ya zagaya, ya ƙulla, ya sa ƙafa ya ja. Su kuwa awaki da suka ga duniya a buɗe, ba su zame ko'ina ba sai gonar waken Baffa Ilu. Da la'asar sai ga Baffa yana jan akuya da kunne, biyu na biye da shi suna tauna.

"Tasalla! Wake na ne abincin awakinki?"

Inna ta fito da guga a hannu babu igiya, ta ce, "Malam Ilu, ni ma tun azahar nake neman abin da zan ja ruwa da shi."

Duk suka juya suka dubi motar. Baffa ya ce, "Saura kwana tara," ya saki kunnen akuyar ya wuce.

Wata rana aka zo kan haɗa waya. Sahabi ya cusa kai a cikin inji, hannu duk baƙin mai, ya ɗaga murya ya ce, "Nomau, samo min waya biyu, ja da baƙa, ka haɗa ja a wannan kan batir, baƙa a wancan. Bari in je in yi alwala." Nomau ya nufi teburin mai shayi. Wayar mai shayi ja ce, tana kan gwangwanin madara, ya ce Oga Sahabi ne ya aiko, aka ba shi. Baƙa kuwa sai a aljihun Baffa Ilu, wanda ke gyangyaɗi a kan benci. Nomau ya zare ta a hankali, don an koya masa ba a tashin babba daga barci. Ya ɗaure kowace a kan batir da kyauron roba, ya rufe bonet. Baffa ya farka ya shafa aljihu, ya tara jama'a, aka ce a kira lambar. Sai aka ji motar marigayi tana ƙara daga ciki, da wannan kiɗan da kowa ya san na wayar Baffa ne. Wata tsohuwa ta ajiye tallan dadawarta ta yi salati. Mudi ya buɗe bonet, ga wayoyin nan biyu ɗaure a kan batir, ya dubi Nomau.

"Yaya, wayar wuta ake nufi. Irin ta naɗi."

"To ai bai ce ta naɗi ba."

Baffa ya karɓi wayarsa tana ɗigar baƙin mai, ya goge a gefen riga, ya ce, "Saura kwana shida. Kuma ni da kaina zan riƙe musu gudumar."

Wata rana aiki ya zo ƙarshe, an ja wayoyi ta ƙarƙashin ƙarfen, an naɗe da baƙin salatif, an kafa makunni a kusa da sitiyari. Sahabi ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura a ba su wuta." Bai rufe baki ba Nomau ya ɓace. Can sai ga shi a guje daga madafin Inna da kasko cike da garwashi, yana hurawa, yana cewa a ba shi hanya. Ga jarkar fetur a buɗe a gefen taya. Mudi ya yi kukan kura ya rungume shi ta ƙugu, suka zube tare a cikin kwatamin ruwan sama, garwashi ya yi cuu. Inna ta leƙo tana cewa wa ya kwashe mata wuta tuwo na kan murhu. Shi kuwa Sahabi ya danna makunni. Fitilu huɗu suka buɗe ido gaba ɗaya. Da rana tsaka ne, amma sai da katangar gidan ta yi fari. Nomau yana zaune a cikin taɓo ya dube su, bakinsa a buɗe, ya ce a hankali, "Ashe haka Baba yake so ya gani."

Wata rana, wato washegarin wannan, Mudi ya gwada fitilun da safe, zai tafi karyar masara ya ce, "Yaya, ka kashe su, na tafi." Nomau ya tsaya a gabansu. Ya ɗauki dutse, ya ajiye. Ya ɗauki taɓarya, ya ajiye. Abin da Baba ya saya da hannunsa, jiya-jiya suka zo duniya, a ce a kashe? Sai ya samo buhunan algarara ya lulluɓe su, yadda Mudi ba zai gane suna raye ba. Haka suka wuni suna ci a ƙarƙashin buhu. Da yamma Mudi ya murza makulli, mota ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya dafe kai ya ce, "Shi ke nan. Batir ya mutu."

Nomau ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya shiga gida ya kwaso tabarmin da aka yi zaman makokin Baba da su, ya shimfiɗa a gindin marke, ya ajiye buta biyu, ya zauna ya sunkuyar da kai. Masu wucewa suka ga tabarmi a ƙofar gidan Jatau, gabansu ya faɗi, suka fara zama. Har mutum goma sha suka taru, ana ta "Ya haƙuri," Nomau na amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki." Sai wani dattijo ya matso ya ce, "Wai wa aka rasa ne, ɗana?"

"Batir ne, Baba. Da safe lafiyarsa ƙalau."

Sai wuri ya fashe da dariya. Dattijon ya tashi yana kaɗe riga yana cewa Allah ya shirya. Sahabi ya zo ya ɗaure mamacin a bayan babur ya kai shi caji, washegari ya dawo da shi, aka murza makulli, mota ta tashi da ruri. Nomau ya shafa batirin, ya sa kunne. Sannan ya shiga gida ya sami Inna tana tankaɗe, ya tsuguna kusa da ita.

"Inna, shi Baba ba a gwada kai shi cajin ba?"

Inna ta ajiye rariya. Dariya ta zo mata, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun farkon damina, ta yi ta yi har ta sa gefen zane tana share ido. Ta dafa kansa da hannu mai gari ta ce, "Na mutum, Mai shi ne kaɗai ke tayarwa, Nomau. Kuma zai tayar." Nomau ya gyaɗa kai. Wannan ma a miƙe aka faɗe ta.

Wata rana, ita ce Talatar ƙarshe, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Sahabi ya sassauta notin fitilun zai yi musu saiti, sai iska ta taso. Ga gida da nisa, ga babur ba rumfa. Ya cusa wa Nomau sifana a hannu ya ce, "Abu ɗaya ya rage, kuma ko yaro zai iya. Ka juya su su kalli hanya sosai, duka huɗun, sannan ka ɗaure da wannan. Ka ji? Su kalli hanya." Ya buga babur ya tsere. Nomau ya tsaya ya duba. Motar katangar gida take fuskanta. Hanya kuwa ga ta can ta hannun hagu, ta wuce ta gefen marke. Ya kama fitila ta farko ya murɗa ta hagu har ta kalli hanya ido da ido. Ya yi wa sauran ukun haka. Sannan ya sa ƙarfinsa na mai saɓa buhu biyu ya ɗaure. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Da aka sallame asuba gari bai waye ba, an yi lodin masara, Baffa Ilu ya shiga gaba da carbinsa, Mudi ya kama sitiyari, Nomau ya hau baya ya tsaya a kan buhuna ya riƙe ƙarfen rufi. Suka hau hanya. Mudi ya yi bisimilla ya danna makunni. Gabansu duhu ya tsaya yadda yake, sai 'yan idanun nan biyu na aci-balbal. Amma gonakin hagu, kai ka ce rana ce ta fito musu su kaɗai. Kowane ganyen gero da raɓarsa, kowace tururuwa da inuwarta. Wani bawan Allah da ya tsuguna a bayan sabara ya zabura da buta a hannu yana cewa, "Kai! Wane mara mutunci ne!"

Mudi ya taka burki ya leƙo. "Yaya! Me ka yi?"

"An ce su kalli hanya. Jiya a nan hanyar take."

"Miƙo sifana in gyara."

Baffa ya ce, "Ba mai taɓa komai. Yadda na same ta haka za ta tafi. Ja mu je, rana ba ta jiran kowa."

Suka tafi a hankali, mota na laluben hanya, hasken Baba na wanke gonakin mutane. Nomau yana sama iska na dukan fuskarsa, yana duban gabas, yana roƙon Allah ya ɗan riƙe rana. Can hanya ta zo ta bi gefen rafi, rafin na hagu, ita tana dama. A gaba akwai kwana mai kaifi, daga kwanar sai gangara mai santsi, daga gangarar sai gada. Mai fitila a gaba ba ya ganin gadar sai ya riga ya karya kwana, ya saki jiki a gangara. Su kuwa fitilun Nomau, da yake gefe suke kallo, tun daga nesa suka tsallaka rafin suka sauka a kanta. Nomau ya dudduba. Ya ga farkon gada, ya ga ƙarshenta. Tsakiya kuwa jan ruwa ne ke wucewa yana juya wani ƙaton reshe.

Ya daki rufin mota da tafin hannu har sau uku.

"Mudi! Tsaya! Gadar saura rabi!"

Mudi ya waiga hagu ya gani. Ya danne burki da ƙafa biyu, mota ta ja taɓo, ta ja, ta tsaya taku kaɗan kafin kwanar. Suka sauko. Baffa ya taka zuwa bakin gangara, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, sai da Nomau ya ɗago shi da hannu ɗaya. Daga nan ya ga abin da ruwan jiya ya yi. Ya dubi gangarar, ya dubi lodin masara, ya dubi Mudi, ɗan ɗan'uwansa. Carbin ya zame daga hannunsa bai sani ba.

Wata motar kasuwa ta taho a baya cike da mata da kaji, Mudi ya tare ta. Aka tare ta bayanta ma. Mutane suka taru a bakin rafi suna salati, suna tambayar wane mai basira ne ya yi tunanin juya fitila gefe. Ana cikin haka gabas ta yi ja, rana ta leƙo ta bayan dorawa.

Nomau ya gan ta. Ya zaro sifana daga aljihu, ya je gaban mota ya tsuguna, ya kama notin fitila ta farko.

Baffa ya ce, "Me kake yi kuma?"

"Rana ta riga mu, Baffa. Ka ce guduma. Zan cire fitilun ne kawai in mayar wa Inna a kwali. Su ba tsohon ƙarfe ba ne."

Baffa Ilu ya dubi sifanar. Ya zo ya tsuguna a cikin taɓo da farar rigarsa, ya zare sifanar daga hannun Nomau, ya riƙe hannun a cikin nasa. Ya ce, "Bar su inda suke, ɗan Jatau. Na janye. Ku shaida, jama'a: muddin ina numfashi, motar nan ba za ta bar ƙofar gidanku ba."

Mudi ya rufe fuska da hula. Matan kasuwa suka rangaɗa guɗa. Nomau kuwa ya dubi motar, ya dubi buhunan da ke bayanta, goshinsa ya tattare da damuwa.

"To Baffa," ya ce, "in ba za ta bar ƙofar gida ba, masarar fa, a ka za mu riƙa kai ta?"